Intabiyu: Yadda Ɗan Difloma Zai Tallata Kansa Ba Tare Da Cika Baki Ba

Mu da muke shekarar ƙarshe ta difloma saura mana 'yan watanni mu ajiye biro. Kowa ya duƙufa kan furojet ɗinsa, ana ta safa da marwa tsakanin ofishin malami da shagon masu buga takardu. Amma akwai wata jarrabawa da ke jiranmu a waje, wadda ba ta cikin jadawalin kowane sashe, kuma babu malamin da ya yi mana lakcarta. Ita ce intabiyu, wato zaman da mai ɗaukar aiki yake yi da kai gaba da gaba kafin ya yanke shawarar ɗaukarka ko barinka.

Kada wani ya ce ai da sauran lokaci, sai bayan babbar difloma da bautar ƙasa. Tsarin hukumar NBTE, mai kula da foliteknik a Najeriya, ya tanadi cewa wanda ya gama ƙaramar difloma zai yi shekara guda yana aikin sanin makama kafin ya koma babbar difloma. Wurin da za ka yi wannan shekara ma sai ka nema, kuma wurare masu kyau sai sun gana da kai tukuna. Ke nan intabiyun farko ta fi kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Ni daga Gagarawa na fito, kuma misalaina daga can za su fito, da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga watanni huɗu da na yi na SIWES a wani sito na kayan gona, da hirar da na yi ta yi da yayyenmu da suka riga mu fita, da wasu manya da suka taɓa zama a teburin masu tambaya.

Wai sai mai uwa a gindin murhu

Na san abin da wasu za su ce tun kafin su gama karanta shafin nan: aiki a ƙasar nan sai da hanya, intabiyu kuwa cika ƙa'ida ce kawai, an riga an raba guraben tun a gida. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya binciki badaƙalar sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, kuma an ji bayanai marasa daɗi a zaman da aka yi a bainar jama'a. Don haka ba zan ce maka babu ba.

To amma duba inda ɗan difloma ya fi samun abin yi a yankinmu. Ɗan kasuwar da ke sayen riɗi a Maigatari yana neman wanda zai riƙe masa lissafi. In ya ɗauki ɗan 'yar'uwarsa wanda bai iya ba, kuɗinsa ne za su zube, kuma ya san haka. Haka mai makarantar kuɗi a Gumel, da mai ɗakin gwajin jini, da ƙaramin banki, da ƙungiyoyin agaji da ke ɗaukar masu tattara bayanai a ƙauyuka. Duk waɗannan suna jin zafin ɗaukar wanda bai iya ba a aljihunsu. Ko a gwamnatin jiha, shirye-shirye irin su J-Teach na malamai da J-Health na ma'aikatan lafiya da J-Agro na malaman gona, masu nema sun bi ta matakan tantancewa kafin a ɗauke su. Wanda ya zauna a gida yana cewa an riga an raba, shi da kansa ya cire sunansa.

Hanya ba a hannunka take ba. Shiri shi ne a hannunka, shi ya sa a kansa zan tsaya.

Kunyarmu da teburin masu tambaya

An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya ɗaga murya, kuma in an tambaye shi ko ya iya abu, sai ya ce "ina ɗan taɓawa," ko da kuwa shi ne gwanin garin. A gida wannan ado ne, domin kowa ya san ka, ya san mahaifinka, ya san aikinka. Mutane ne za su yabe ka a bayan idonka.

A ɗakin intabiyu babu wanda ya san ka. Mutum uku ko huɗu ne a zaune, da tulin fayil a gabansu, da layin mutane a waje, kuma 'yan mintuna kawai za su ba ka. In ka sunkuyar da kai ka ce kana ɗan taɓawa, abin da za su rubuta ke nan: yana ɗan taɓawa. Na bayanka ya shigo, wanda bai kai ka iyawa ba amma ya buɗe baki, sai a ɗauke shi.

Maganin wannan ba shi ne ka koyi cika baki ba. Duk wanda ya taɓa zuwa kara a Maigatari ranar Alhamis ya ga yadda ake cinikin sa. Dillali zai yi ta zuba yabo, mai saye bai ko saurare shi ba. Shi dai zai buɗe bakin san ya duba haƙori, ya shafa gadon baya, ya ce a kora shi ya ga tafiyarsa. Ba ina haɗa mu da shanu ba ne, a gafarce ni, amma masu intabiyu ma haka suke. Yabo ba ya shigarsu, abin da za su iya dubawa suke so.

Saurari bambancin amsoshi biyun nan. Na farko ya ce: "Ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, kuma ina aiki tuƙuru." Na biyu ya ce: "Lokacin SIWES ni na riƙe littafin shigar kaya da fitarsu na wata huɗu, kullum da yamma nakan haɗa lissafina da na mai sikeli kafin a rufe sito, ga kuma takardar da manajan ya rubuta mini." Na farko ya yabi kansa. Na biyu bai yabi kansa ba ko kaɗan, labarin abin da ya faru kawai ya bayar, kuma shi za a fi yarda da amanarsa. Ka ga ashe mai kunya ma zai iya cin intabiyu ba tare da ya saɓa tarbiyyar gidansu ba. Faɗin abin da ka yi ba alfahari ba ne, shaida ce. Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

San aikin mutanen kafin ka je

Duk mai ɗaukar aiki yana da wata matsala da ke hana shi barci, ita ce ta sa ya buɗe gurbi. In ka gano ta, ka gano rabin tambayoyin da za a yi maka. Bari in ba da misali uku daga yankinmu.

Na farko, masu fitar da zoɓo da riɗi. Jigawa tana sahun gaba a noman waɗannan biyun, kuma Maigatari ce babbar matattararsu, ga kasuwar kan iyaka, ga yankin ciniki na musamman da aka ware don fitar da kaya waje. Zoɓon Najeriya mafi yawansa Meziko yake tafiya, riɗi kuma ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. Meziko ta taɓa dakatar da sayen zoɓonmu na wasu shekaru saboda ƙwarin sito da aka samu a cikin kaya, sai da aka ɗauki matakan feshi da tantancewa kafin a ci gaba. Hukumar NAQS ce ke duba lafiyar kayan gona kafin su fita. To in ka je neman aiki a irin wannan wuri, abin da ke damun mai kamfanin shi ne danshi, da tsakuwa da ƙasa a cikin buhu, da ƙwari, da ragin nauyi tsakanin kasuwa da sito. Ɗalibin fasahar noma ko na kimiyyar ɗakin gwaji da ya iya bayanin dalilin da ya sa ba a jibge buhu a kan siminti kai tsaye, sai a kan katako, ya riga ya fita daban a cikin layi. Ka kuma san cewa harkar tana bin halin da iyaka ke ciki: an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Duk ɗan kasuwar Maigatari ya ji waɗannan a jikinsa.

Na biyu, aikin rake da sukari na Gagarawa, wanda aka yi shekaru ana maganarsa. Kamfanin Great Northern Agribusiness na rukunin Lee ne ke da shi, a kan fili mai faɗin kimanin hekta 12,000, kuma yana cikin yunƙurin gwamnatin tarayya na ganin Najeriya ta riƙa samar da sukarin da take sha maimakon shigo da shi. Mu 'yan yankin mun san manoma da dama sun yi ƙorafi kan gonakinsu da batun diyya tun farkon aikin. In wata rana ka zauna gaban irin wannan kamfani, kada ka yi mamaki in an ce: kai ɗan garin ne, in manomi ya tare ka da fushi me za ka ce masa? Amsar kirki ba ta zagin manomi don faranta wa kamfani, ba ta kuma zagin kamfani a cikin ɗakinsa. Ka nuna za ka saurari mutumin, ka rubuta kokensa da sunansa da wurin gonarsa, ka kai wa wanda ke da ikon yanke hukunci, kuma ba za ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka ba.

Na uku, aikin gwamnati. Nan kuma akan yi tambayoyin sanin jiha da ƙasa. An ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar: Dutse, Gumel, Haɗejiya, Kazaure da Ringim. Ka san sunan gwamna da mataimakinsa da kwamishinan ma'aikatar da kake nema da shugaban ƙaramar hukumarku. Abin kunya ne mutum ya haddace babban birnin Faransa amma ya kasa lissafo mazaɓun ƙaramar hukumarsa.

Ina ake samun irin wannan bayani? Wani a intanet yake, wani a labaran rediyo, amma mafi yawa a bakin mutane. Mai gadin wurin, da direban da ke ɗauko musu kaya, da ɗalibin da ya yi SIWES a can bara, duk sun san abin da babu shi a kowane shafi. Ka sayi shayi ka zauna da su.

Tattara hujjojinka

Yawancinmu muna ganin ba mu da ƙwarewar aiki saboda ba mu taɓa karɓar albashi ba. Wannan raina kai ne. Ɗauki takarda ka rubuta duk wani nauyi da aka taɓa ɗora maka ka sauke. Wanda ya taso yana taya mahaifinsa awo a kasuwar Gujungu ya san sikeli da ciniki da haƙuri da mai saye. Wanda ya girma a Maigatari yana juya lissafin naira zuwa sefa a ka, kafin wani ya buɗe waya. Wadda take riƙe wa matan unguwa littafin adashe ta yi aikin ma'aji. Wanda ya koyar a Islamiyya ya san riƙe aji. Wanda ya zauna a shagon POS ya san haɗa lissafin ƙarshen yini da gane alat na bogi. Wanda yake jin Fulatanci ko Manganci bayan Hausa da Turanci yana da abin da masu aikin rigakafi da malaman gona ke nema ido rufe, domin shi zai shiga rugar da wani ba zai iya ba.

Daga cikin jerin nan zaɓi labari huɗu ko biyar, ka gina kowanne a kan gaɓa huɗu: halin da ake ciki, nauyin da ke kanka, matakin da ka ɗauka, da abin da ya fito. Masu horar da ma'aikata a ƙasashe da dama wannan tsari suke koyarwa, domin yana hana mutum kewaye-kewaye. Ga misali, a ce an tambaye ka ko ka taɓa warware wata matsala: "A ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu kuɗin wata-wata ba sa shigowa, kowa yana zargin kowa. Aka ba ni riƙon kuɗi. Na buɗe littafi, na fara ba da rasit, duk ƙarshen wata kuma ina tura hoton lissafin a zaurenmu na WhatsApp. Kafin ƙarshen zango masu biya sun ninka, har muka ɗauki hayar mota zuwa gida da hutu." Bai kai minti ɗaya ba, kuma duk abin da mai neman akawu yake son ji yana ciki.

Ka shirya wa tambayoyin da kusan kullum sai sun fito. In an ce ka gabatar da kanka, ba tarihin zuriyarku ake nema ba. Sunanka, abin da ka karanta, aiki ɗaya ko biyu da ka yi masu alaƙa da gurbin, da dalilin zuwanka, shi ke nan. In an tambayi furojet ɗinka, ka iya bayaninsa cikin jimla uku yadda wanda bai yi kwas ɗinku ba zai gane. Wanda ya biya aka rubuta masa, a nan asirinsa yake tonuwa. In an tambayi rauninka, ka faɗi na gaske wanda ba zai rusa aikin ba, tare da abin da kake yi a kansa, kamar ka ce saurin bugunka a kwamfuta bai kai yadda kake so ba, shi ya sa kake atisaye kullum. In an ce za ka koma babbar difloma, faɗi gaskiya da lokacin da kake sa rai. Mai aiki ya fi son ya sani tun yau a kan ya wayi gari ka ɓace. In an ce za ka yarda a tura ka ƙauye, kada ka ce e alhali ka san ba za ka zauna ba.

'Yan'uwana mata, akan jefo muku tambayar aure: in kin yi aure fa, ko maigida zai bar ki? Ba dole ba ne ki buɗe sirrin gidanku. Ki amsa cikin natsuwa cewa kin tattauna da iyalinki kafin ki nema, kuma kin shirya cika lokutan aikin, sannan ki mayar da magana kan abin da kika iya.

Sai batun Turanci, wanda shi ne dodon da yawa daga cikinmu. Masu tambaya ba gasar lafazi suka shirya ba. Gajerun jimloli masu ma'ana sun fi dogon Turanci mai karkacewa. In ba ka ji tambaya ba, ka roƙi a maimaita. In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka nemo ta. Ƙirƙirar amsa a gaban wanda ya shekara ashirin a fagen ita ce hanya mafi sauri ta faɗuwa. Kuma baki sai da sabo: ku haɗu ku uku a hostel, biyu su yi tambaya ɗaya ya amsa, a ɗauka a waya, a saurara tare. Za ku yi dariya a karon farko, amma a karo na biyar za ku ji bambanci.

Takardu, tun kafin a kira ka

Akwai waɗanda ake sallama tun daga teburin duba takardu, ba su ko ga masu tambayar ba. Matsalar da ta fi yi mana yawa ita ce saɓanin suna da ranar haihuwa. A takardar firamare Muhammad, a ta WAEC ko NECO Mohammed, a katin NIN kuma an ƙara sunan gari a ƙarshe. Wani kuma shekarar haihuwarsa ta bambanta tsakanin takarda da takarda. Yau ɗin nan ka baje takardunka a kan katifa ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. In akwai saɓani, gyaransa yana bi ta rantsuwar kotu da hukumar NIMC, wani lokaci har da sanarwa a jarida, kuma yana cin makonni. Ba abin da za a fara ana gobe intabiyu ba ne.

Ka tanadi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, domin aikin gwamnati ba ya yiwuwa sai da ita, saboda tsarin raba daidai tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi. Ka haɗa da takardar haihuwa, da sakamakon makaranta, da takardar kammala SIWES, da hotunan fasfo. Na asali a fayil ɗaya, fotokwafi a wani, kuma ka ɗauki hoton kowacce ka ajiye a imel ɗinka. Kada ka bar wa kowa takardarka ta asali. Takardar CV kuma shafi ɗaya ya ishi ɗan difloma. Duk abin da ka rubuta a ciki za a iya tambayarka, don haka in ka ce ka iya Excel, ka shirya a juyo maka da kwamfuta a ce bismilla.

Lambar wayar da ka bayar ta zama mai shiga. In baƙuwar lamba ta kira, ka ɗauka da sallama da ladabi, ba da "wai waye?" ba. In ta waya ko ta bidiyo za a yi ganawar, kuma ka san sabis ɗin ƙauyenku sai an hau tudu, ka shigo gari tun da wuri, da cikakken caji da data, ka sami ɗaki marar hayaniya.

Ranar da kanta

In a Dutse ko Kano aka kira ka ƙarfe tara na safe, kada ka dogara da motar asuba daga Gagarawa. Motar haya sai ta cika take tashi, ga canjin mota a Gujungu, ga abin da ba a fata a hanya. Ka tafi ana gobe, ka kwana wurin ɗan'uwa, ka je ka ga ƙofar wurin da yamma. Da safe ka isa da saura rabin awa.

Tufafi ba sai sabo ba, wankakke mai guga ya wadatar. Kaftani da hula suna shiga ko'ina a Arewa, haka doguwar riga da mayafi ko hijabi mai natsuwar launi. In aikin bita ne ko ɗakin gwaji, ka sa rufaffen takalmi, domin za a iya cewa ka gwada aikin nan take. A rage turare, a kashe waya.

In ka shiga, ka yi sallama ka gaisa a tsaye. Ba a durƙusawa, ba a cire takalmi sai in ka ga al'adar wurin ce. Ka jira a nuna maka kujera. Ka dubi fuskar mai yi maka tambaya, in haɗa ido ya yi maka nauyi ka dubi goshinsa, babu mai ganewa. Wadda ba ta musabaha da maza ta ɗora hannu a ƙirji da fara'a, an saba da haka kuma babu mai hankalin da zai riƙe ta da shi. Ka ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. Kuma ka girmama mai gadi da masinja da sakatare, domin sau da yawa akan tambaye su yadda suka ga mutum.

Kada ka kawo talaucin gida a matsayin hujja. Cewa kai ne babba, mahaifi ya tsufa, ƙanne suna makaranta, gaskiya ce, amma duk wanda ke kan layin nan yana da irin labarin. Kada kuma ka zagi makarantarku ko wurin da ka taɓa aiki. In an ce kana da tambaya, ka yi ɗaya mai nuna aikin ne a ranka, kamar wane abu ake son sabon ma'aikaci ya fara gyarawa a watanninsa na farko.

Maganar kuɗi da tarkon 'yan damfara

In an zo batun albashi, kunya takan sa mu ce "duk abin da aka bayar." Gara ka je da sani. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa ƙananan wurare suke biyan ƙasa da haka. A aikin gwamnati mai ƙaramar difloma yakan fara a mataki na 06, mai babbar difloma a na 08. A wuri mai zaman kansa, ka lissafa kuɗin mota da abinci da haya tun a gida, ka san adadin da in an gaza shi aikin zai zama asara. Ka tambayi ko akwai kuɗin mota ko wurin kwana. In an ɗauke ka, ka nemi takarda. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa.

Sannan a yi hattara. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi a asusunsa don a saka sunanka, ko kuɗin fom, ko kuɗin ganin oga, ɓarawo ne. Hukumomin ɗaukar aiki na gwamnati sun sha fitar da sanarwa cewa ba sa karɓar kuɗi. In an kira ka intabiyun aikin da ba ka nema ba, ko aka ce a otal za a yi, ko aka ƙi faɗa maka sunan kamfanin, ka tsaya ka bincika. Akwai matasan da aka yaudara da aiki a wata ƙasa, iyaye suka sayar da gona ko dabba, aka je aka tarar da babu komai sai a ce kai ma ka jawo wasu. Duk inda za ka je, ka gaya wa wani a gida adireshin da lokacin, musamman mata.

In ba a ɗauke ka ba

Zai faru, kuma ba sau ɗaya ba. Da ka fito, kafin ka hau mota, rubuta tambayoyin da aka yi maka da waɗanda suka ba ka wuya. Wannan takarda ita ce darasin intabiyu ta gaba. Ka kuma ba na bayanka su amfana. Ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta buɗe littafi guda a ofishinta, inda duk wanda ya je intabiyu zai rubuta tambayoyin da ya tarar, sannan ta shirya zaman gwaji ko sau ɗaya a zango, a gayyato tsofaffin ɗalibai da ke aiki su zauna a teburin tambaya. Ba ya bukatar kuɗi, aji ɗaya da kujeru huɗu sun isa.

Kafin nan, a daren yau, ɗauki biro ka rubuta labarai biyar na nauyin da aka taɓa ɗora maka ka sauke, sannan ka fito da takardunka ka gwada sunayen. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawar ƙarshe, ya haɗa kowa da aikin da zai zame masa alheri, shi da iyayensa.